Rumfa Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ni, Zakariya Ashafa, mazaunin unguwar Gidan Dare a garin Sakkwato, na rubuta wannan da hannuna, hankalina kuma cikakke. Ƙafafu ne suka ƙi, kai yana nan daram. Na fara da haka ne domin in kun kai batu na uku za ku so ku ce tsufa ne ya yi magana. Ba shi ba ne. Irmiya, Balaraba, Tabita, da ku nake.

Na ɗaya. Gidan nan na ku ukun ne, kada a raba shi da katanga. Tabita ta zauna a ɗakin marigayiya uwarku, tunda ita ta yi jinyarmu duka biyu.

Na biyu. Gonar fadama ta Irmiya ce, ko da yake bai san shinkafa ba sai an dafa ta. Ya bar ta a hannun masu nomanta, kowace kaka ya aika wa ƙannensa rabonsu.

Na uku. Rumfa mai lamba goma sha huɗu a kasuwar unguwarmu, wadda Balaraba take sayar da atamfa a ciki shekara goma sha ɗaya, ba tamu ba ce. A mayar da ita ga Gazali, ɗan marigayi Muntari mahauci.

Ga dalili. Lokacin da nake kansila mai kula da kasuwanni, aka rushe tsofaffin rumfunan zana aka gina na siminti guda arba'in, daidai yawan masu tsofaffin. Aka shirya rabawa da ƙuri'a: a rubuta lambobi a 'yan takardu, a naɗe, a zuba cikin hula, kowa ya sa hannu ya ɗauki tasa. Sai gardama ta tashi kan wanda zai riƙe hular. Mahauta ba su yarda da ciyaman ba, 'yan hatsi ba su yarda da sarkin fawa ba. A kaina kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce Zakariya Kirista ne, ba shi da ɗan'uwa cikin masu rumfa, kuma sun ga yana tsoron Allah. Har zuwa ranar, gaskiya suka faɗa. Na taɓa mayar wa ɗan kwangila ragonsa, na kuma ƙi sa hannu a rabon takin da na san an karkatar.

Ana saura kwana biyu, wasu dattawan majami'armu suka same ni. Suka tuna mini cewa mutanenmu ba su da ko rumfa ɗaya a kasuwar nan, ni kaɗai kuma suke da shi a majalisa. Na ƙi su da baki, amma maganar ta zauna mini. Ranar rabo na rubuta takardu arba'in a gaban kowa, na zuba talatin da tara. Ɗaya ta tsaya a hannun rigata, mai lamba goma sha huɗu, ta rumfar bakin ƙofa, wadda kowa yake so.

Muntari ne na ƙarshe a layi, domin ya yi ta barin manya su wuce gabansa. Ya sa hannu ya tarar da hula babu komai. Na ce a gaban jama'a majalisa ce ta keɓe rumfa ɗaya. Bai yi musu ba. Cewa ya yi tunda daga bakina ta fito, haka ne. Kada kuma ku ɗora wa dattawan nan laifi, domin ko kusa rumfar ba ta kai ga wani mabukaci a majami'a ba. Da sunan ƙanen uwarku na rubuta ta, daga baya ta zo hannun Balaraba. Uwarku ta rasu ba ta sani ba.

Muntari ya ɗauki teburinsa ya koma bakin titi a Ƙofar Atiku, ya yi shekara goma sha tara yana yanka nama a rana. Kowace Layya yana aiko mana cinyar rago. Kun ci, ni ma na ci, ran Lahadi kuma na tashi a majami'a na yi wa jama'a karatu. Na roƙi gafarar Ubangiji a kan wannan fiye da yadda zan iya tunawa, amma mabuɗin rumfar yana gidana, na kuma san abin da Yesu ya koyar a kan wanda ya zo gaban Allah alhali ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa. Tsoro ne ya hana ni zuwa wurin Muntari har ya mutu. Ina jin kunyar haka.

Na huɗu. Balaraba, za ki yi fushi, kuma kina da gaskiya. Ke ba ki ɗauki na kowa ba. Shagon ƙofar gida naki ne ke kaɗai. Na san ba zai kawo miki ko rabin masu sayen da kika saba ba, ba zan yi miki ƙarya a kan haka ba. Fushin ki yi shi da ni. Kada ya taɓa Gazali, kada kuma ki ƙara shi a kan gabar da kike yi da wanki tun lokacin zaɓe. Wannan gabar ma ta isa haka, ku bar ta.

Na biyar. Irmiya, ka ci zaɓen kansila, wata mai zuwa za a rantsar da kai. Da sunana ka yi yawon neman ƙuri'a, Musulmi da yawa kuma suka zaɓe ka don sun ce ɗan Zakariya ne. Yanzu ka san abin da ke cikin sunan. Za a amince maka saboda addininka, sannan naka za su zo su roƙe ka da sunan addinin. Su ne masu wuyar ƙi, ba 'yan kwangila ba. Allahn da kake bi ba na majami'armu kaɗai ba ne, shi ya halicci wanda ke ƙarshen layi.

Kai za ka kai wa Gazali takardar rumfa da mabuɗi, da rana, a gaban mahauta, ka gaya musu yadda aka yi. Kada ka ce kyauta ce. Abokan hamayyarka za su ji, za su kuma yi amfani da shi, mai yiwuwa kujerar nan ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a gare ka. Na auna wannan kafin in rubuta. Littafin Allah da aka rantsar da ni a kai yana wurin Tabita, na san kana son ka dafa shi ranar taka rantsuwar. Ba za ta ba ka ba sai mabuɗin ya isa hannun Gazali.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya kiyaye fitarku da shigarku. Ku riƙe juna, ku ci abinci a kwano ɗaya ko da ranku a ɓace yake. A wurin jana'izata, in wani ya tashi zai ce ban taɓa cin amana ba, Irmiya, ka miƙe ka gyara masa.

Ubanku,
Zakariya Ashafa