Kuɗin Hayar Gidan Zamfira

Vaslui, Maris

Zamfira 'yata,

Bayan gaisuwa, ya aiki a can ƙasar waje, ya jikin tsohuwar da kike jinya? Takarda ta zo mini daga ma'aikacin kotu. Wai bashin motar da kika tsaya wa tsohon mijinki Costel ya dawo kanki, don haka kuɗin hayar gidanki da nake ciki, kotu zan riƙa kai wa. Ni da ko gishiri ban taɓa karɓa bashi ba, ga sunana a takardar kotu. Na wannan watan dai na kai wa mahaifiyarki ƙauye, kamar kullum. Yaya zan yi?

Ki huta lafiya,
Anghel

Padova, Afrilu

Baba Anghel,

Ina gaishe ka da girmamawa. Don Allah ka ce musu zaman alfarma kake, ba ka biyan komai. Kuɗin nan su ne maganin Mama da itacen da take jin ɗumi da shi da hunturu. Albashina makarantar yara ke cinyewa. Motar nan fa Costel ya gudu da ita ƙasar Sifen, shi da wata. Ka rufa mini asiri.

Taka,
Zamfira

Vaslui, Agusta

Zamfira,

Gaisuwa mai yawa. Ƙarya ban iya ba, sai na yi musu shiru, na ci gaba da kai wa Mama. Yanzu takarda ta biyu ta zo: tunda na ƙi bin umarni, daga fanshona za a cire abin da na hana su. Na je ofishin, na zayyana wa yarinyar da ke wurin komai. Ta ce, "Baba, ba ruwanmu da wanda ya hau mota. Sa hannu nan."

Na sa, Zamfira. Daga Satumba su zan biya.

Na je na gaya wa mahaifiyarki da bakina. Ta dube ni ta ce, "Zauna ka ci tuwon masara, Anghel, kai ka fi ni kama da mara lafiya." Na kasa ci.

Ki yafe mini,
Anghel

Padova, Satumba

Baba,

Na so in yi fushi da kai, ƙarfin ne babu. Na karɓi aikin Lahadi a wani gida, maganin zai fita daga nan. Kada ka tashi daga gidan, ka ji? Bana ba zan zo Kirsimeti ba. Ka ce wa Mama kuɗin jirgi ne ya tashi.

Sai wata rana,
Zamfira