Sunayen da Kawu Lauwali Kaɗai Ya Sani

Gwiwa,
Jihar Jigawa.
26 ga Agusta.

Zuwa ga Kawu Lauwali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin komai ina neman afuwarka da na ɗauki biro na rubuto maka, alhali akwai manya a gida waɗanda su ya kamata su yi. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ka san halina, ko lokacin da kake gida gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, in na durƙusa na gaishe ka sai in gudu ɗaki kafin ka gama amsawa. Ni ce Bahijja ta wajen ƙanwarka Fatu, wadda ka bari a aji uku na ƙaramar sakandare. In an koma hutu zan shiga aji biyu na babbar sakandare a Kazaure. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nafisat da yara. Allah Ya tsare ku a Fatakwal, Ya sa albarka a abin da kake nema, Ya raba ka da sharrin baƙunta.

Mu nan duk lafiya lau. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai, gyaɗar Umma ta bayan gari ta rufe ƙasa. Inna mahaifiyarku tana nan da ciwon gwiwarta, yanzu a zaune take salla, amma bakinta bai gaji ba. Ƙanena Musaddiƙ ya kai izu goma, autanmu Zaharadeen kuma ya fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunsa a tsakar gida. Lambar wayarka da muke da ita ta daina shiga tun bara. Umma takan gwada ta duk ranar Juma'a, sannan ta ajiye wayar ta ce wataƙila matsalar sabis ce.

Kawu, maganar bankinmu na bakin kasuwa ce ta sa na rubuto. Na san ba ka son a tayar da ita, ka yi haƙuri. A farkon watan nan mutanen hukuma suka zo daga Abuja, suka buɗe kwaɗon da aka sa wa ƙofar shekara biyu da suka wuce. Sun ce bankin ba zai sake tashi ba, za a sayar da kayansa a biya masu ajiya abin da ya samu. An yi gwanjo ana tsakiyar cin kasuwa, na je na tsaya daga nesa. Wani tela daga Roni ya sayi kantar da kake zama a bayanta, ya ce zai riƙa yanka yadi a kai. Fankar sama ta tafi shagon magani. Dogon bencin nan da ake jira a kai Malam Sama'ilu mai shayi ne ya saye shi, yanzu yana ƙofar rumfarsa. Akwatin ƙarfe na ajiye kuɗi kuwa ba wanda ya taya, domin mutum shida sun kasa gusar da shi.

Ina tsaye a wurin sai na riƙa tuna ranar da aka buɗe bankin, ina 'yar shekara shida. Har yanzu in na ji warin sabon fenti ranar nake tunawa. Ka ɗauke ni ka zaunar a kan kantar, ka ba ni alewa, ka buɗe mini asusu da naira ɗari biyu, ka ce wa manaja ga babbar mai ajiyarku ta iso. Ina tuna jakarka ta fata da babur ɗinka ja, yadda kake fita da safe zuwa ƙauyuka, wani lokaci har Kanya Babba da Achilafiya, ka dawo da yamma rigarka duk ƙura. Matan da ba sa fita, kai ne bankinsu. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, a miƙo kuɗin ƙuli-ƙuli ko na kitso daga bayan labule a ƙulle cikin tsumma, ka rubuta, ka miƙa tawada a dangwala yatsa. Ranar kasuwa Fulani su cika bencin da kuɗin shanu, masu zuwa daga tsallaken iyaka su zo da sefa suna ciniki da kai kamar kai ne ɗan canji. Keken ɗinkin Umma daga nan ya fito, da shi kuma aka ɗinka mini kayan makaranta na farko. Ba wanda ya taɓa kiran bankin da sunan da ke jikin allonsa. Kowa bankin Lauwali yake cewa, kuma a lokacin abin yana yi mana daɗi.

Ban manta yadda abin ya lalace ba, duk da ana ganin yarinya ce ni. Taki ya yi tsada, ruwa ya cinye gonakin fadama, waɗanda suka karɓi rance suka kasa biya. Kwanon gero ya kai kuɗin da ba a taɓa ji ba, sai kowa ya taho cire ajiyarsa a lokaci guda don ya ci abinci. Layi ya kai har wajen mahauta. Da aka liƙa takarda a ƙofa aka kulle, ba gidan manaja mutane suka nufa ba, gidanmu suka zo, saboda kai suka sani. Na ga ka sayar da babur ɗinka ka raba wa tsofaffi biyar kuɗin, na ga kuma bai isa ko'ina ba. Ranar da ka tafi ina wanke-wanke a bakin rijiya, ka wuce da jaka ɗaya, ban iya ɗaga kai na yi maka sallama ba. Wannan yana damuna har yau.

To ga inda matsalar take. Mutanen hukuma sun kafa tebur a cikin bankin suna tantance masu ajiya. Duk wanda sunansa na littafin banki ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, an ba shi takardar biya. Maza kusan duka sun wuce. Mata ne suka maƙale, su arba'in da huɗu, domin ka rubuta su da sunan da gari ya san su da shi. A littafi akwai Mai Daddawa, akwai Ta Bakin Rijiya, akwai Uwar Tagwaye, a katinsu kuwa sunayen yanka ne waɗanda ko maƙwabtansu ba su taɓa ji ba. Katunan da suka dangwala wa yatsa suna ɗakin baya, rufin ya yi yoyo damina biyu, tawadar ta narke ta zama shuɗin ruwa kawai.

Da ka ga ranar da aka kira Iya Gumsu, da ka yi dariya ko ba ka so. A littafinka Gumsu Mai Turare ce, a katinta Ummu Salma. Jami'ar da ke tantancewa, wata mata mai haƙuri mai farin tabarau, ta ce to ta faɗi sunan mijinta a duba ko yana cikin takardu. Iya Gumsu ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce shekara arba'in tana gidan mutumin nan ba ta taɓa kama sunansa ba, ba kuwa za ta fara yau a gaban 'yan kasuwa saboda dubu sittin ba. Ta ce in jami'ar tana shakka, ta sunkuyo ta shinshina mayafinta ta ji ko akwai wata mai turare a garin nan bayan ita. Duk wurin aka yi dariya har jami'ar, amma takardar biya ba ta fito ba.

Daga baya jami'ar ta yi mana bayani. Ta ce ba ta ƙi su ba, amma ba ta da ikon biyan laƙabi, musamman da mata biyu suka tashi kowacce ta ce ita ce Uwar Tagwaye, kuma dukansu da gaskiyarsu, kowacce ta haifi tagwaye. Ta ce hanya ɗaya ce ta rage: ma'aikacin da ya buɗe asusun da hannunsa ya zo ya zauna, a kira mace ya ce ita ce, ya sa hannu. Manaja ya rasu bara, Allah Ya ji ƙansa, kuma ko yana raye bai san su ba. Ranar talatin ga Satumba za su rufe littafi su koma. Bayan nan duk mai magana sai ta bi su Abuja, ka kuwa san babu wadda za ta iya.

Na yi ɗan abin da zan iya. Na roƙi jami'ar ta bar ni na kwafe sunayen a littafin makaranta, na bi gida-gida ina tambaya, ni da ko aike ba na son a yi mini zuwa gidan mutane. Na gano talatin da ɗaya. Goma sha biyu sun gagare ni. Wace ce Mai Jar Akuya? Na tambaya an ce akuyoyin wancan lokacin duk an sayar ko an yanka. Wace ce Baƙuwa? Wace ce Ta Gidan Kuka, bayan kukar ta faɗi, kuma gida uku ne suke kewaye da ita? Na rubuto maka su duka a bayan takardar nan. Amma ko na gano su, sa hannuna ba ya aiki, naka ake nema.

Sauran ɗayar Inna ce, kuma maganarta ce ta hana ni barci. Ita ma ba ka rubuta sunanta ba, Innar Gabas ka sa, na san kunya ce ta hana ka. Sai jami'ar ta duba takardunka na ɗaukar aiki ta ga inda aka tilasta maka rubuta sunan mahaifiya cikakke, ta haɗa da katin Inna, ta ce wannan ya isa hujja. A ranar na fara sanin kakata Halimatussa'adiyya ce. Aka kawo takardar biya har gida da tawada, saboda ƙafarta. Inna ta dubi takardar, ta tura hannunta cikin zane, ta ce ba za ta dangwala ba. Ta ce daga gidan nan aka fita aka shiga zaurukan matan nan aka karɓo kuɗinsu, don haka ba za a ce uwar mai banki ta karɓi nata su suna kallo ba. In an biya su a biya ta, in sun rasa ta rasa. Umma ta yi lallashi, ta tuna mata kuɗin maganin gwiwa ne, mai unguwa ma ya zo ya yi magana. Inna ta ce ta ji, a gaishe da gida.

Ka san ba ta kama sunanka, kai ne ɗan fari. Ba ta ce a kira ka ba, ba kuma za ta ce ba. Sai dai shekaranjiya da Daudu direba ya zo gaishe ta, ya ce ya gan ka a kasuwar albasa ta Fatakwal kana rubuta buhuna, sai ta tambaye shi ko mutumin nan nasu ya rame. Daudu ya ce kaɗan. Tuwonta na ranar haka aka ɗauke shi ba ta taɓa ba.

Kawu, ba zan yi maka ƙarya in ce kowa ya huce ba. Malam Sama'ilu har yanzu yakan yi magana in an taɓo zancen, akwai kuma gidaje biyu da na shiga aka amsa sallamata da ƙyar. In ka zo za ka ji abin da ba ka so. Amma yawancin gidajen da na shiga, kafin in buɗe littafi sai sun tambaye ni lafiyarka. Iya Gumsu ta ce in gaya maka tana da faɗan shekara biyu da ta tara maka, in ta gama za ta zuba maka abinci, kuma kada ka kuskura ka zo mata da wannan siririn gemun naka ba ka gyara ba. Mai Daddawa ta ce ita ba ta taɓa cewa ka ci kuɗinta ba, abin da ya ɓata mata rai shi ne ka tafi ba sallama kamar ba ita ta yi maka wankan jariri ba.

Daudu ne zai kawo maka takardar nan. Ya ce motarsa takan juyo gida duk bayan kwana goma, kuma kujerar gaba ba kowa. Aikin ba zai wuce kwana biyu ba. Ni za a mayar da ni makaranta ranar sha huɗu ga Satumba, in na tafi ban san wanda zai ci gaba da bin gidajen ba. Umma ba ta san na rubuto ba, Inna ma haka. In na yi laifi nawa ne ni kaɗai.

Ka gaishe mini da Anti Nafisat da Jalaluddeen da jaririyar da ba mu gani ba tukuna, ko sunanta ba mu sani ba. Na san da Umma da Baba sun san da takardar nan da sun cika ta da gaisuwa, don haka na isar a madadinsu. Musaddiƙ yana gaishe ka, shi kaɗai na gaya wa a gidan nan.

In ka zo, alhamdu lillahi. In kuma zuciyarka ba ta ba ka ba, ba zan ga laifinka ba, sai dai ina roƙon abu guda: ka ba ni izini in sake rubuto maka, ko ba ka amsa ba. Ka faɗa wa Daudu da baki ma ya isa. Ina so ranar da Inna ta sake tambayar ko ka rame, a samu wanda zai ba ta amsa daga cikin gida.

Wassalam.

'Yarka,
Bahijja Muhammad