Fitilar da ke Kabad ɗin Kabita

Talata da dare, unguwar Sharafiyya, ƙasa mai tsarki

Barci ya ƙi zuwa. Da safe na ga Kabita, nas 'yar Indiya da muke ɗaki ɗaya, ta kunna 'yar fitila cikin kabad, gaban hoton Durga, abar bautarsu mai hannuwa da yawa. Na yi a'uzubillahi a zuci, amma na tambaye ta amfanin hannuwan.

Ta ce, "Sista, mace ce mai aiki irinmu. Ita nake kai wa gajiyata, halas, shi ke nan, in tafi asibiti."

Yini guda ba ta ɗaga murya ba. Ni kuwa na yi wa majinyaci tsawa, La'asar ma sai bayan Magariba na yi.

Ita a ɓoye take ibadarta, don a nan ba a yin irinta a fili, amma ba fashi. Ni kiran salla har gado yake iske ni.