Baba Ba Shi da Shahada

Ammariyya, Jidda
9 ga Rajab, 1389

Zuwa ga Gwaggo Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Bawa da duk mutanen gida a Bur Sudan. Yaya ƙafar taki? Umma ta ce ki daina hawa soro shanya, ki bar wa yara. Mu nan lafiya lau.

Gwaggo, Baba bai san zan faɗa miki wannan ba. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wajen hukuma yake ba shi aiki, ya sayar da jiragen ruwansa biyu, ya ce halas, shi ke nan, shi ya tsufa. Iƙamar Baba, takardarsa ta izinin zama, za ta ƙare ƙarshen Sha'aban, in bai sami wani kafili ba sai mu tattara mu bar Jidda mu taho wajenku. Ina son ganinki, Allah ya sani, amma ni nan aka haife ni, ban san ko'ina ba.

An buɗe wata makaranta kusa da mina, wato tashar jiragen ruwa, inda ake koya wa samari aiki da kayan tuƙin jirgi da gyaransu: busla, wato kamfas mai nuna hanya, da na'urar auna zurfin ruwa, da rada. Suna neman malami, kuma wanda suka ɗauka su ne kafilinsa. Kin san wannan shi ne aikin Baba shekara ashirin da uku. Amma sun ce sai mai shahada, wato takardar shaidar gama makarantar ruwa. Baba ba shi da ita, sai daftarinsa, littafin aikinsa na jirgi mai hatimin kyaftin-kyaftin, wanda gishiri ya cinye gefensa. Ya kai, magatakarda bai ko buɗe ba, ya ce ma fi shahada, ma fi kalam, wato ba shahada, ba magana.

Umma ta matsa masa a rubuta takarda zuwa ga mudir, shugaban makarantar, da kansa, ni kuma aka ba alƙalami tunda na gama firamare. Kin san halin ƙanenki. Sunayen jirage goma sha ɗaya kawai ya faɗa mini, ya ce ya isa, mutum ba ya yabon kansa. Sai na riƙa tambayarsa wajen cin abincin rana, kamar labari nake so. A jirgin kaza me ya lalace, wa ya gyara? In ya fita masallaci in rubuta. Sau uku na sake kwafa saboda tawada na ɗiga.

Ga laifina. A ƙasa na ƙara layi ɗaya da bai ce ba. Na rubuta: ku gwada ni a kan jirgi kafin ku mayar mini da takardata. Ya sa hannu bai lura ba, don ƙananan rubutu na ba shi wuya. Ki yi mana addu'a, kada kuma ki ambata a amsarki, don Baba ake karanta wa a gaban kowa.

'Yarki,
Luba


Ammariyya, Jidda
27 ga Rajab, 1389

Zuwa ga Gwaggo Larai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Malam Bawa. Takardarki ta iso, mun ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Na gode da kika rufa mini asiri, amma ya tonu da kansa.

Mudir ya kira Baba, ya karanta masa layin nan, ya ce tunda ya cika baki to yalla, ranar Asabar ya zo a gwada shi tare da mutum biyu masu shahada. Da Baba ya dawo na shige bayan tulu a kicin. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Luba, yaushe na zama mai cika baki?” Na kasa ɗaga kai. Sai ya ce in goge masa akwatin kayan aikinsa.

Abin da ya faru ranar Asabar, shi ya ba mu rabi, maƙwabcinmu Abdulghani mai kula da injin jirgin makarantar ya cika mana sauran, don Baba yana tsallake duk wurin da ya yi abin kirki.

Makarantar tana da ƙaramin jirgi da buslarsa ta fi wata guda tana ba su haushi. A bakin mina daidai take. Da an fita sai ta karkace, wani lokaci daraja biyar, wato digiri, wani lokaci takwas. Kin san mashigar Jidda cike take da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, daraja takwas ta isa ta ɗora jirgi a kansu. Mudir ya ce wanda ya gano ciwon, ya kuma bayyana wa ɗalibai takwas da ke cikin jirgin har suka gane, shi ne malami.

Na farko ya buɗe ƙasan busla, ya matsar da maganaɗisun da ke ciki, ya yi lissafi shafi biyu. Allurar busla ta daidaita, har an fara yi masa barka, da jirgi ya juya sai ta sake gudu. Na biyu ya ce buslar ta mutu, a sayo sabuwa. Abdulghani ya ce mutanen sun san littafi ƙwarai, ba wasa ba, har shi ya karaya.

Baba bai buɗe akwatinsa ba. Ya zauna kan igiya yana kallon matuƙin, wani dattijo mutumin Sawakin, can kusa da ku, mai suna Mahmud. Can ya ce masa ƙishirwa ta dame shi, ko zai taimaka masa da ruwa daga bayan jirgi, shi zai riƙe masa sitiyari. Mudir har ya ɓata rai, ya kira shi yadda ake kiran masu sana'a a nan, ya ce, “Ya usta, gwaji muka zo ko shan ruwa?” Baba ya ce ya dubi allura. Mahmud na tafiya tana motsi, yana dawowa da kofi tana binsa.

Gwaggo, wuƙar hannu ce! Irin wadda mazan can wajenku suke ɗaurawa a damtsen hagu ƙarƙashin riga, kamar ta Malam Bawa. In Mahmud yana tuƙi, damtsensa dab da busla yake, ƙarfen ya ja allura. A bakin mina kuwa yana can baya wajen igiya, shi ya sa take daidai. Su masu shahada ba su taɓa zama da mutanenmu ba, ina za su san akwai ƙarfe a cikin hannun riga?

Baba bai tona shi gaban yara ba. Ya ja shi gefe ya yi masa magana a kunne. Mahmud da kansa ya naɗe hannun riga yana dariya, ya ce shekara arba'in bai kwance ta ba sai wajen wanka. Baba ya mayar da maganaɗisu mazauninsu, allura ta zauna. Sannan ya sa ɗalibai suka zazzage aljihunsu, makulli da tocila da sukurdireba, kowa ya kawo nasa kusa da busla ya ga yadda take gudu, ya ja baya yana ƙirga taku har ta tsaya. Ya ce musu kafin su taɓa na'ura da hannu, su fara duba abin da ke kewaye da ita. Ɗaya daga cikinsu ya shigo da jirgin mina da busla kaɗai, Baba na bayansa.

Mudir bai yanke hukunci ba tukuna. Ya ce dokar shahada ba tasa ba ce, sai ya rubuta wa na sama da shi. Saura wata guda iƙama ta ƙare. Umma ta ce kada mu saki jiki.

'Yarki,
Luba


Ammariyya, Jidda
21 ga Sha'aban, 1389

Zuwa ga Gwaggo Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Bawa da yara, da fatan kuna shirin azumi lafiya.

Gwaggo, an ɗauki Baba! Alhamdu lillahi!

Amsa ta daɗe har Umma ta fara raba tukwanen da za ta ba maƙwabta. Ashe na sama sun ƙi da farko. Mudir ya ɗauki daftarin Baba da takardar da na rubuta ya je da ƙafarsa. Ya ce musu yana da masu koyar da lissafi a aji, abin da ba shi da shi, shi ne mutumin da zai ba samari takwas ya fita da su cikin murjani ya dawo masa da su. Suka yarda shekarun aikin Baba su tsaya a madadin shahada. Wancan mai lissafin ma an ɗauke shi, shi zai riƙe aji, Baba jirgi da ɗakin gyara. Mai lissafin ya zo gidanmu gaisuwa ran Juma'a, ya roƙi Baba ya koya masa gyaran na'urar zurfi, shi kuma ya nuna masa sabuwar rada. Ni na haɗa shayin, amma ban fito ba.

Umma ta yi guɗa har mutanen layi suka cika gidan, ta bi ta karɓo tukwanenta ɗaya bayan ɗaya ana yi mata tsiya.

Jiya aka ba shi sabuwar iƙama, saura kwana tara tsohuwar ta mutu. Ya shigo da ita bayan la'asar, ya kira ni gaban Umma, ya ce idonsa ba ya gani sosai, in karanta masa wurin sana'a. A tsohuwar, lebura aka rubuta shekara da shekaru. Na karanta masa: malamin kayan tuƙin jirgi. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na ɗaga. Ya ce har yanzu bai ji ba. Umma ta ce, “Usumanu, ka ji sarai, ka bar yarinya!” Amma na sake ɗagawa, Gwaggo, har Abdulghani ya amsa da kabbara daga bayan katanga.

Ki faɗa wa kowa a Bur Sudan. Umma da Baba suna gaishe ku. Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

'Yarki mai ƙaunarki,
Luba Usuman