Na Yi wa Piyano Giɓi

Laraba da dare, Kafanchan, 1976

Barci ya ƙi zuwa. Yau na fara koyon piyano a coci wurin Malam Bitrus, da ma ban je ba.

Ya ce, "Kaka, a hankali, kamar kina taɓa ƙwai."

Na ce, "Yaro, tun kana goye nake kiɗa."

Ba ƙarya na yi ba, amma tulu nake bugawa a zumuntar mata, shi kuwa tulu sai ya sha tafin hannu yake magana. Da daɗi ya ɗebe ni, na sauke wa piyano hannu irin na tulu. Haƙorin piyanon ɗaya na tsakiya ya nutse, bai sake tasowa ba.

Mai gyara yana Jos, sai ƙarshen wata zai zo. Auren jikata Saratu kuwa Asabar ne, da wannan piyanon za a shigo da ita.

Na tsokane ta, na ce yanzu ni da piyanon duk masu giɓi ne. Ba ta yi dariya ba. "Ba komai, Kaka," kawai ta ce. Gara ta yi mini faɗa.

Asabar zan ɗauki tuluna, duk inda piyanon ya yi shiru in cike.