A Nema wa Turmi Wuri a Gidajen Ɗauki-Ɗora

Zuwa ga Mai Girma Injiniya, shugaban kamfanin da ya kafa mana gidajen haya a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ranka ya daɗe, ni matar wani malamin makaranta ce, muna hawa na sama a gidajenku da mutanen gari suka laƙaba wa ɗauki-ɗora. Ranar da tireloli suka kawo ɗakunan a ƙere, da ƙofa da taga har da famfo, ina tsaye motar ƙugiya tana ɗora wani kan wani, na rantse ko kyauta ba zan kwana a akwati ba. To ga ni ciki, har da yi wa baƙi fankama! Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bai zubo mana ba, mu da muka saba tara daro a kan gado. Wannan aiki kam ya yi, Allah ya saka.

Amma ina da ƙorafi.

Na farko, wanda ya zana gidan nan bai taɓa ganin mace tana daka ba. Ina sakin taɓarya a turmi, benen gaba ɗaya ya ɗauka kamar ganga, agogon bangon maƙwabciyata ta ƙasa ya faɗo. Ita maƙwabciyar, Malama Ladi, ma'aikaciyar jinya ce, da rana take rama barcinta, don haka ban ga laifinta ba da ta kai ƙara aka hana daka a sama. Na kinkimo turmina na sauko, mai kula da gida ya ce wai zan fasa daɓen da aka yi wa motoci. Motoci! Duk gidan nan babura ne da keke guda.

Na biyu shi ne ke cin raina. Surukata, Inna, da ƙyar muka rarraso ta daga Basirka, saboda likita ya ce hawan jininta na bukatar ta zauna kusa da asibiti. Tsohuwar nan fura ce abincinta, kuma sai dakan hannu. Na gwada mata ta inji, kurɓa ɗaya ta ture ƙwaryar, wai ƙarfe take ji. Yanzu ta dage gida za ta koma, kuma na san tana isa can maganin sai dai ya zauna a leda.

Roƙona, yallaɓai, a ba mu lungun bayan katanga, a bar shi ƙasa zalla ba siminti, a ɗora mana rumfa. Ku da kuka ƙera bene a masana'anta, rumfa ce za ta gagare ku? Na kuma ji za ku kai irin gidajen nan Gwaram. Don Allah kafin a ƙera su a zauna da mata a tambaye mu, gidan ai mu ke yini a cikinsa.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ja kwana, ya raya zuri'a. Sai dai a hanzarta, don Inna ta riga ta ɗaure ƙullin kayanta. Abin da ya tsayar da ita kawai, na ɓoye takalmanta a buhun gero, kuma tun jiya ta fara kallon na maigidan.

Wassalam.

Maman Sadiya,
Hawa na sama, Birnin Kudu.