Kada Ka Jira Kunnena Ya Yi Shiru

Zuwa ga Sirajo, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ɗan Argungu mai dogon haƙuri da gajeriyar magana,

Sallama irin ta wadda ta gaji, amma ba da kai ta gaji ba. A kwance nake rubuta maka wannan, labule a sake, kai ɗaure tamau da kallabi, don yau ma ɗakin ya tashi yana juyawa da ni. In ka ga layukan sun karkace, ba laifin hannuna ba ne, Birnin Kebbi ce ke lilo.

Ka san abin da ke tare da ni tun damina. Gyaren nan da ya shige kunnena na hagu bai fita ba. Kuka yake ba fashi, ina alwala yana yi, ina tankaɗe yana yi. Da ya fara har daɗi na ji, don tsofaffi sun ce in kunne ya yi ƙara wani ne ke ambatonka. Na ce ai Sirajo ne! To in kai ne, masoyi, don Allah ka riƙa hutawa kana shan ruwa. Da shi kaɗai ne da na iya. Amma in abokin tafiyarsa ya iso, ciwon ɓarin kan nan mai jiri, wayyo! Ƙasa ta zame awa kwalekwalen da aka kwance wa igiya, zuciya ta yi ta tashi, hasken taga ya zama allura, turaren da ka kawo mini ma ya koma abokin gaba. Na sha tofi, an ɗiga mini man tafarnuwa, an turara ni har na yi warin hayaƙi. Na gaji, Sirajo, wallahi na gaji.

Sai dai ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jiya Goggo ta dawo daga Argungu da saƙonka: wai ka roƙi manya a ɗaga bikinmu har sai na warke sarai, don kada guɗa da kiɗan ƙwarya su illata ni. Tana faɗa tana yaba hankalinka. Sai na warke? Wa ya ba ka ranar? Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jirin zai ragu in na kiyaye barci, na daina tsallake abinci, na guji ƙyallin rana, na sha magani kan ƙa'ida. Ƙarar kuwa mai yiwuwa ta zauna ke nan, sai dai in koyi zama da ita kamar maƙwabciya mai surutu. Ka jingine aurenmu ga ranar da wataƙila babu ita.

Kuma ga kuskuren da ku duka kuke yi, kai ne kan gaba. Tun da na kwanta gidanmu ya koma kamar na makoki. An kashe rediyo, an kai turmi maƙwabta, masu dubiya su ce sannu su sunkuyar da kai. Kai ma da ka zo, ka zauna can ƙarshen tabarma a zaure ka kame baki, ka daina kirana a waya wai kada ka dame ni. Haba rabin raina! Ba ku san shiru ne abincin gyaren nan ba? In duniya ta yi tsit shi kaɗai ke da fili, ya yi ta rera abinsa har in ji kamar in cire kunnen in ajiye.

Ka tuna yammacin da muka je wa yayarka barka, ka raka ni bakin gulbi? A lokacin ciwon ya riga ya fara. Ka ajiye homarka ta kamun kifi, ka jawo gorarka ta su kana ƙwanƙwasa ta da yatsu, kana ba ni labarin giwan ruwan da ya kubce maka, wanda kullum ƙara girma yake a bakinka. Ruwa na ɗan marin gaɓa, iska na kaɗa shinkafar fadama, muryarka na tafiya a hankali. Sai da muka miƙe na lura duk zaman nan ban ji gyaren ba. Ba mutuwa ya yi ba, muryarka ce ta rufe shi.

Don haka ina roƙonka, ya hasken safiyata, ka koma wurin manya ka janye maganar nan. A bar ranar yadda aka sa ta, bayan yankan shinkafa. Guɗa a yi ta daga tsakar gida, masu ƙwarya su zauna nesa da ɗaki. In jiri ya kama ni ranar, ai dama amarya a lulluɓe ake kai ta, ana riƙe da ita hagu da dama, wa zai gane? Ba zan yaudare ka ba: za ka auri macen da wata rana ba za ta iya ɗaga kai ta tuƙa maka tuwo ba. In wannan ne ya tsorata ka, faɗa mini gaskiya, zan haɗiye, Allah shi ba ni haƙuri. In kuwa tausayi ne, to tausayin nan ya fi ciwon cina.

Ka zo ranar Juma'a. Kada ka kawo turare, kada ka kawo magani. Ka zo da bakinka, ka ba ni labarin kifin nan, ko ya kai girman jirgi zan yarda.

Taka a jiri da lafiya, a ƙara da shiru, har ranar da kunnen zai daina jin komai,

Nazifa